Buhun Takalman Ƙafar Dama

Bahago ƙanin maigidana ne, Allah ya jiƙan maigidan, ya kai haske kabarinsa. Lokacin da na shigo gidansu yaro ne, bai ma gama famfara ba. Da dama yake cin abinci kamar kowa, saboda an sha buge masa hannun hagu har ya daina miƙa shi cikin kwano. Ƙafar ce ba wanda ya kula da ita. Da hagu yake buga ƙwallo, da hagu yake tura ƙofa, da hagu yake korar dabba daga bakin murhu. Wata rana ina wanke-wanke ya shuri wata 'yar akuya a ciki. Ta yi sama ta dawo, ta kwanta tana shure-shure har sai da aka nemo wuƙa. Mahaifinsu ya tuɓe takalminsa na fata ya yi ta zabga masa a baki da kunne har jini ya ɓata masa riga. Yaron bai yi kuka ba. Da aka sake shi ya zagaya bayan ɗaki ya yi ta shurin bango har farcen babban yatsansa ya ɓalle. Ni na wanke masa da ruwan gishiri. Tun ranar yake kirana Yaya, ni kuma ina ce masa Auta.

Ba zan ce ba shi da alheri ba, don Allah yana gani. Da ciwon ajali ya kama maigidana, Bahago ne ya goya shi tun daga ƙofar gida har bakin asibiti, bai sauke shi a hanya ba. Bayan rasuwar, da na koma gidan hayar da Bahago yake zaune, shi ya ɗauko mini gado a ka. Bai taɓa ɗaga mini murya ba. Amma zuciyarsa a ƙafa take. Wani in ya yi fushi baki ne ke rawa, wani hannu. Shi kafin ya san ransa ya ɓaci ƙafar ta riga ta tashi.

Ya so ya zama ɗan ƙwallo, kuma an ce ya iya. Ya karya wa wani yaro ƙwauri a fili aka kore shi, ya koma wata ƙungiya ya sake, daga nan ba wanda ya ƙara kiransa. Ya faɗa lodi a tasha, ɗora buhu da sauke buhu. Abin da ya rage masa daga ƙwallo shi ne son kambas. Wansa ya taɓa saya masa takalmin taya irin na masu aikin ƙarfi, ya ce shi ba mai tura ruwa ba ne, ya wurga shi kan rufi.

Ɗakina yana daf da ƙofar gida. Macen da ta saba sunkuyar da kai in maza za su wuce, takalmi take fara gani kafin fuska, har ta kai ba ta buƙatar fuskar. Malamin makaranta sau-ciki baƙi yake sawa, kullum a goge, dunduniyar ta cinye ta gefe ɗaya saboda tafiyar ƙasa da ba ya so a san yana yi. Direba silifas, kuma ko shi ɗin cire shi yake in ya zauna a mota, wai ƙafarsa ta fi jin birki haka. Masu tura ruwa takalmin taya, wanda ake cewa sai dai mai shi ya mutu ya bar shi. Yawancin magidanta silifas ɗin dai, don in an kira salla ba sai an tsaya kwance igiya ba, in kuma an ɗauke a ƙofar masallaci ba a yi babbar asara ba. Samari kuwa kambas. Su saye shi fari fat, su wanke da tsohon buroshin haƙori, in an yi ruwa su riƙa tsallake taɓo kamar masu taka ƙwai. Duk wannan lallaɓawar ba ta kai su ko'ina. Damina ɗaya gam ya saki, tafin ya fara ɓamɓarewa, ciki ya yi wari. A ƙafar Bahago kuwa ko wata biyu ba ya cikawa. Kuma kullum na hagu ne ke mutuwa. Ya buɗe baki ta goshi kamar kifi, na dama yana nan lafiya lau.

Akwai wani dattijo da ke zama a gindin katangarmu da akwatinsa da basilla da gwangwanin gam. Shumeka kowa ke ce masa. Mutum ne mai barkwanci, kuma ba ya ganin kambas da daraja. Yakan ce takalmin fata aure ne, in ya yi tsami a gyara a ci gaba da zama, kambas kuwa zancen dandali ne, daɗin baki da farin fuska, ana ruwa ɗaya kowa ya kama gabansa. Samari su yi dariya, gobe su sake kawo masa. In aka miƙo masa na Bahago sai ya ɗaga shi yana buɗe bakin yana rufewa, ya ce ga mutumina ya sake zuwa da ƙorafi, yunwa yake ji. Ya ɗinke, bayan 'yan kwanaki ya dawo, ya sake ɗinkewa, har wurin soka basilla ya ƙare.

Ba Bahago ke kawo masa ba, matarsa ce. Kitso take yi a tsakar gida, shi ya sa ake ce mata Mai Kitso. 'Yar siririya, mai saurin hannu, ba ta da yawan magana. Farkon aurensu har ruwa yake ɗebo mata, mata suna tsokanarta wai ta ba su laƙanin. Ba a yi shekara ba muka fara jin ƙara daga ɗakinsu, irin wadda ake ji in an jefar da buhu. Ba ya mari, ba ya dogon zagi. Abinci ya yi sanyi, ko ya yi zafi, ko wani ya faɗa masa magana a tasha ya haɗiye ya taho da ita gida. Ita kuma sana'arta a zaune take yin ta, kan 'yar kujera, haƙarƙarinta daidai inda ƙafarsa ke kaiwa.

Ita ke saya masa takalmi da abin da ta samu a kitso. Da na hagu ya gagari Shumeka sai ta yafa mayafi ta tafi 'yan gwanjo ta dawo da wani kambas ɗin. Na hagun a yar, na daman ta jefa cikin wani buhu da ke ƙarƙashin gado, ta ce ba ta iya yar da abu mai kyau. Matan gida suka sa ta gaba. Wata ta ce ta nemo gurgu mai ƙafa ɗaya su yi ciniki. Wata ta ce wannan wace irin soyayya ce, ki ƙare a takalmin miji, ki saya masa na fata mana mai ƙwari ki huta. Sai ta yi murmushi ta ci gaba da tsaga gashi.

Ni ta gaya wa dalili, wata rana ina gasa mata gefen ciki da ruwan zafi. Ta ce in ta je kasuwa ba kyau take dubawa ba, ba kuma ƙarko ba. Babban yatsa take sawa ta danna goshin takalmin. Wanda ya fi lotsawa shi take ɗauka.

"Yaya, kambas raba mana zafin yake yi," in ji ta. "In ya same ni, shi ma yatsunsa suna ji. Ɗaya, biyu, sai ya fara ɗingishi ya fita. Ranar da ya sa mai tauri ba abin da zai gaya masa ya isa."

Shumeka ma ya gano, ko da yake ba wanda ya gaya masa. Ya taɓa cewa bari ya yi wa goshin faci da taya ya buga ƙusa, a huta da zarya. Ta fizge takalmin daga cinyarsa kamar ya ce zai jefa a wuta. Ya dube ta, ya dubi yadda take tsayuwa a karkace. Daga ranar bai ƙara wasan bakin kifi ba. In zai ɗinke sai ya cusa guntun soso a goshin ta ciki, bai kuma taɓa ambata wa kowa ba.

Ciki biyu ta yi ɓarinsu. Na farko aka ce zazzaɓi ne. Na biyu ni na kwashe zannuwan, na kuma ga baƙin tabon da ke mararta. Na yi wa Bahago magana. Ya durƙusa a ƙofar ɗakina yana share ido, ya ce sharrin shaiɗan ne, ya rantse. Ya yi 'yan makonni kamar an canza shi. Ita ma ta yi yaji gidan yayanta, aka dawo da ita da nasihar haƙuri. Mazan gidanmu kuwa in ƙarar ta fara sai Direba ya ƙara muryar rediyo, Malamin makaranta ya tuna yana da uzuri a waje. Cewa suke ba a shiga tsakanin miji da mata, gobe su shirya a bar ka da jin kunya.

Sai ga ciki na uku. Ta ɓoye shi cikin manyan riguna har ya ƙi ɓoyuwa. Ta canza wurin zama, ta koma lungun da ke tsakanin duron ruwa da bango, inda ƙafa ba ta da wurin lilo. In ta ji takunsa sai ta ɗauki tire ko matashi ta rungume kamar wani aiki za ta yi da shi. Cikin ya kai wata bakwai, yana motsi, har takan kama hannuna ta ɗora in ji. Ba abin da take roƙo a sujada sai a bar mata wannan.

Ana cikin haka Bahago ya sami aiki a wani kamfanin rodi. Kowa ya taya shi murna, ni ma na yi. Ranar da ya fara, da yamma na ji taku a ƙofa wanda ban sani ba, mai nauyi, kamar ana dire turmi. Na duba. But ne baƙi har idon sawu, irin wanda kamfani ke ba leburori don kada ƙarfe ya faɗo musu a yatsu. Ya tsaya gaban Shumeka yana dariya, ya ce Baba cinikinka ya ƙare, wannan har jikoki. Ya ce ya gwada da guduma ya ji. Shumeka ya ɗan ƙwanƙwasa goshin. Ƙarar ƙarfe ta fito. Tsohon ya ajiye gudumar ya ce Allah ya sa alheri.

Matan gida suka ce wa Mai Kitso to ta huta da zaryar 'yan gwanjo. Tana riƙe da kan wata a lokacin. Ta tsayar da kibiyar kitson ta bi but ɗin da kallo.

Ya so but ɗin nan kamar ɗan cikinsa. Ba ya cire shi sai zai yi alwala ko kwanciya. Ba a jima ba ya shuri wani bokitin ƙarfe don an bar shi a hanya, bokitin ya lotsa ya tsage, ruwa ya malale. Ya tsaya yana kallon ƙafarsa da mamaki, ya ce ko kaɗan bai ji ba. Bayan nan karen maƙwabta ya bi shi da haushi, ya juya sau ɗaya, karen ya ja ƙafafun baya ya faɗa kwata, a can ya mutu. Sai ranar da ta manta ba ta wanke masa rigar aiki ba. Ta yi saurin juya masa baya, ya sami cinya. Ta yi kwanaki tana jan gindi zuwa banɗaki, cinyar ta kumbura ta yi baƙi kamar gindin tukunya. Shi kuwa ya tsaya a kanta yana cewa ta daina raki, ai ko taɓa ta bai yi ba. Na kuma yarda har zuciyarsa haka ya ɗauka. Takalmin bai gaya masa komai ba.

Ta aika wa yayanta, aka ce ya yi tafiya, ba a san ranar dawowa ba. Na ce ta dawo ɗakina, ta ce Yaya ƙofarki katako ce. Abin da ta yi kuma ba ta yi shawara da kowa ba. Da safe yana wanka ta ɗauke but ɗin hagu ta tura can ƙasan buhun gawayi a madafi, ta jera masa tsohon kambas ɗinsa a bakin ƙofa. A tunaninta zai ɗauka ɓarawo ne, ya sa kambas ya tafi, kafin kamfani su ba shi wani ta haihu. Ba ta san ba a barin lebura ya shiga wurin ba but ba, don ba ta taɓa ganin ko ƙofar kamfanin ba. Kuma ba ta ɗauke duka biyun ba. Na hagun kaɗai take tsoro, shi kaɗai hannunta ya kai gare shi. To wane ɓarawo ne zai saci takalmi ƙafa ɗaya?

Ya nema ya nema, lokaci ya ƙure, ya sa but a dama, kambas a hagu, ya fita yana tafiya ɗaya sama ɗaya ƙasa. Daga baya muka ji maigadin kamfanin ya tare shi a ƙofa, leburori suka taru suna dariya, wani ya tambaye shi ko a gida biyu ya kwana. Aka ce ya koma, in ya sake zuwa haka a bakin aikinsa.

Ya shigo da hantsi, ba kowa a gidan sai mata. Mai Kitso tana lungunta da kan wata a cinya. Ya wuce ta. Ya shiga ɗaki ya kifar da gado, ya fasa akwati, ya zazzage buhun takalman dama a tsakar gida. Ya fito ya tsaya yana dubanta, sai idonsa ya sauka kan hannun rigarta, baƙin gawayi har gwiwar hannu. Ya shiga madafi. Muka ji buhu ya faɗi.

Ya fito da but ɗin ya zauna a bakin rijiya. Ya cire kambas ya ajiye a gefe. Ya busa ƙurar gawayin, ya goge goshin da gefen rigarsa, ya zura ƙafa. Sannan ya fara saka igiya, huji bayan huji, yana ja yana gyarawa, ba gaggawa. Ban taɓa ganin abin tsoro kamar wannan zaman ba. Matar da ake wa kitso ta tashi da rabin kai a tsefe ta yi waje ba mayafi. Amma Allah da ikonsa, ɗaurin igiyar nan shi ya ba da sarari. Kambas take masa dunduniya yake yi ya zura kamar silifas, but kuwa sai an zauna masa. Na ce da Mai Kitso ta fita. Ta miƙe da ƙyar, hannu ɗaya a ƙarƙashin ciki, tana jan cinyar nan da ba ta warke ba.

Na tsaya a gabansa na ce, "Auta, dubi girman Allah. Dubi kabarin ɗan'uwanka."

Ya ce, "Yaya, matsa." Ya kama kafaɗuna ya ajiye ni gefe a hankali kamar tulu, ya wuce.

Ba ta yi nisa ba. A gindin katanga ƙafar ta ƙi, ta zube bayan akwatin Shumeka, ta dunƙule ta juya cikin wajen bango. Tsohon ya miƙe. Ban taɓa lura da ƙanƙantarsa ba sai ranar, don kullum a zaune nake ganinsa. Silifas ne a ƙafarsa, kowace ƙafa da irin nata, cikin waɗanda mutane suka kawo gyara ba su dawo karɓa ba. Ya buɗe hannuwa.

"Ɗana, shekara da shekaru ina ɗinke abin da kake ɓarkewa. Wannan in ka ɓarke ba ni da zarensa."

Bahago ya ce ya kauce. Tsohon bai kauce ba. Ƙafar ta tashi. Na ji ƙara kamar an taka busasshen kwando. Shumeka ya yi baya ya bugi katanga ya zame, bakinsa a buɗe yana neman iska, jini ya biyo gemunsa. Bahago ya ƙara masa a kafaɗa don ya kawar da shi daga hanya, akwatin ya tarwatse, ƙusoshi da zare suka watsu a titi. Ya sake ɗaga ƙafa, wannan na Mai Kitso ne. Ƙafar ba ta sauka ba.

Wani mai tura ruwa ne ya fara isowa, ya rungume shi ta baya suka faɗi tare. Kafin ya tashi makanikan tsallaken titi sun iso da abin da ke hannunsu. Direba ya taho daga inda yake wanke mota, riƙe da ƙarfen kwance taya. Mai shago, mai wanki da guga, har mutanen da ban taɓa jin muryarsu ba. Bahago ya yi faɗa. Daga kwance ya sami wani a haɓa haƙora suka zubo, ya sami wani a gwiwa. Sai na ji wani ya ce, ba da ƙarfi ba, kamar mai ba da shawara a wurin aiki, "Ku bar kan. Ƙafar za ku kama." Suka danne shi, aka ja ƙafar hagun aka gicciya ta a kan kwata, dunduniya a can, gwiwa a nan, ƙwauri a kan rami. Ƙarfen ya sauka. Ya sake sauka. Wani ya ɗauko bulo ya ɗaga sama da hannu biyu. Na rufe ido ina salati, amma kunne ba shi da marfi. A ranar na ji ihun da Bahago bai yi ba tun yana yaro.

Da ba su tsaya nan ba. Abin da ya tsayar da su muryar Mai Kitso ce tana kirana. Zaninta ya jiƙe, naƙuda ta taso ba lokacinta ba. Direba ya yar da ƙarfen ya juyo da mota. Su duka aka kwasa a mota ɗaya, ita a kujera kanta a cinyata, Shumeka a gaba an jingine shi yana numfashi da ƙyar, Bahago a baya wurin kaya. Ƙafarsa ta juya inda ƙafa ba ta juyawa, ƙashi ya huda wando. But ɗin kuwa ko ƙwarzane babu. A asibiti sai da suka yanka fatar but ɗin da almakashi kafin su cire masa.

Ta haifi mace kafin la'asar, 'yar mitsitsiya, kuka ma da ƙyar. Aka sa ta a kwalba. Ta rayu. Shumeka haƙarƙarinsa ya karye har ya taɓa huhu. Ya ce ba zai kai ƙara ba, ya bar shi da Allah. Ya fito daga asibiti, amma bai ƙara iya jan zare ya tsuke ba sai tari ya sarƙe shi. 'Ya'yansa suka zo suka tafi da shi, ba a yi shekara ba muka ji rasuwarsa. Allah ya sa ya huta, ya saka masa da aljanna. Ƙafar Bahago likitoci suka yi ta fama da ita, ta fara wari, aka yanke ta ƙasan gwiwa. 'Yan sanda sun zo sun yi tambaya, duk layin ba wanda ya ga komai, kamar yadda a da ba wanda ya taɓa jin komai. Bayan nan mazan suka riƙa cewa dama sun daɗe suna jin haushin abin da yake wa matar. Ni dai na san rediyon Direba. Sai da aka taɓa namiji ɗan'uwansu ƙafafunsu suka san hanyar ƙofarmu.

Yayan Mai Kitso ya dawo, alƙali ya raba auren. Ta kwashe kayanta da jaririyarta ta koma wata unguwa mai nisa. Abu ɗaya ta roƙe ni, kada in gaya wa Bahago inda take. Takalman dama kuwa ba ta ko kalle su ba. Wata cikin matan gida ce ta tattara su daga tsakar gida ta mayar a buhu.

Yanzu Bahago yana nan a ɗakin, ni nake zuba masa abinci, don amana ce wansa ya bari. Yana zama a benci a gindin katanga, inda Shumeka yake zama a da, yana sayar da ashana da batir a kan tire. Ranar da ya fara fita da sanda ya jawo buhun ya zaɓi ɗaya. Matar da ta taɓa maganar gurgu mai ƙafa ɗaya ta gan shi, ta shige ɗaki ba ta fito ba sai yamma. Mun ɗauka takalman za su ishe shi har ƙarshen rayuwa. Ashe kambas ko ba a taka shi ba yana mutuwa. Na farkon da ya sa, bai kai bakin titi ba tafin ya rabu ya tsaya a baya. Wani ya marmashe a hannu kamar busasshen burodi. Waɗanda suka yi saura kuma nauyinsa duka a kansu yake, ba sa jimawa. Buhun ya kusa ƙarewa. In ya ƙare silifas zai koma kamar sauran magidanta.

Ya yi laushi, yana salla a kan lokaci. Amma ina gani. In wani ya taɓa masa tire, ko mai saye ya faɗa masa magana, fuskarsa ba ta canzawa. Sai dai ka ga wandon da aka naɗe aka maƙale da fil ya yi zillo, dungun ya harbi iska.

Kwanakin baya ya kira ni ya miƙo mini leda. Ɗan kambas ne na yara, ja, mai fitila a dunduniya. Ya ce ya ji yarinyar ta fara gudu. Ya ce in raka shi ya kai mata da kansa, ko daga nesa ya gan ta, ai yanzu ba shi da abin da zai cuci kowa da shi.

Na ce, "Kawo in kai mata. Kai dai zauna."

Ya ce, "Yaya, 'yata ce fa."

Na ce na sani. Ya mai da ido kan titi. Wandon ya motsa, ya sake motsawa. Ya sa tafin hannu ya danne shi.

Na kai. Na sauka a mota tun kafin unguwar na ƙarasa a ƙasa, ina waiwaye. Na tarar da Mai Kitso zaune a tsakiyar tsakar gida, ba a lungu ba, da kan wata a cinya. Ta ɗan yi jiki. Na ba ta ledar na gaya mata daga inda ta fito. Ta zaro takalmin, kafin ta san abin da take yi babban yatsanta ya danna goshin. Ta tsaya tana kallon yatsan. Sannan ta mayar cikin ledar ta ƙulle, ta miƙe ta rataye a ƙusa can sama, ta ce yarinyar ba ta son takalmi tukuna, ko an sa mata cirewa take yi.

Ta koma ta zauna. Yarinyar ta fito daga ɗaki a guje, ƙafa ba komai, ta faɗa wa uwar ta baya da ƙarfi. Mai Kitso ba ta zabura ba. Ta ci gaba da kitsonta.